Wai ƙara wa furosesa gudu kashe kwamfuta yake yi? Tambayoyin da nake sha a shagona na Garwa

Gyaran kwamfuta nake yi a Garwa, kuma akwai kalma ɗaya da ta zama kamar sunan maye a bakin masu kawo mini aiki: obaklokin. Na'ura ta mutu, a ce yaron gida ne ya yi mata obaklokin. Ta fara ɗaukewa da kanta, a ce wanda ya sayar da ita ya taɓa yi mata. In ka tambayi mai maganar mene ne abin, sai ya ce ai dai wani abu ne da ke ƙona kwamfuta. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, daga ɗalibai, masu gidan wasan kwamfuta, har da dattawan da suka sayi na'urar da kuɗinsu suke tsoron 'ya'yansu su lalata.

Malam, wai mene ne shi obaklokin ɗin?

Furosesa, wato ɗan guntun nan da muke kira ƙwaƙwalwar kwamfuta, da bugu take aiki, kamar makaɗi yana ba masu noman gayya sauti. In an rubuta 3.3 GHz, ana nufin bugu biliyan 3.3 a daƙiƙa ɗaya. A yawancin na'urorin yanzu lamba biyu ake haɗawa a samu wannan gudun: tushen bugu, wanda yake 100 MHz, da lambar da ake ninka shi da ita. Furosesar Intel Core i5-2500K ta shekarar 2011 lambarta 33 ce, shi ya ba da 3.3 GHz. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga da an kunna kwamfuta, ka mayar da 33 zuwa 45, ta koma 4.5 GHz. Obaklokin ke nan: sa furosesa gudun da ya wuce wanda kamfani ya rubuta mata. Babu wayar da ake yankewa, babu abin da ake narkawa. Lamba ce ake canzawa, kuma ana iya mayar da ita.

To ai an ce da an yi, nan take take ƙonewa?

Wannan tsoro yana da asali. Wajen shekarar 2000, tsofaffin furosesocin Athlon na kamfanin AMD ba su da kariyar kirki daga zafi. In ƙarfen sanyaya ya zame daga kansu, cikin 'yan daƙiƙu an gama, har hayaƙi. Waɗanda suka ga wannan zamani su ne manyanmu a sana'a, kuma labarin ya bi baki har ya iso ga waɗanda ba su taɓa buɗe kwamfuta ba.

Furosesar yau tana da ma'aunin zafi a cikin jikinta. Yawancin na Intel in sun kusa digiri 100 sai su rage gudu da kansu, Ryzen 7000 na AMD kuma a 95 suke tsayawa. In zafin ya ci gaba, na'urar ta ɗauke gaba ɗaya don ta kare kanta. In kuma ka sa gudun da ya fi ƙarfinta, abin da za ka gani shi ne daskarewa, ko shuɗin allon nan na Windows, ko ta ƙi tashi. Abin haushi ne, amma ba mutuwa ba ce.

Inda haɗarin yake na gaske shi ne ƙarfin wuta. Furosesa in gudu ya yi mata yawa takan nemi ƙarin bolt kafin ta tsaya da ƙafarta, kuma zafi ba ya hawa daidai da bolt, ninkin kansa yake yi. Ɗauki misali: ka ƙara gudu kashi 10 cikin ɗari, ka ɗaga wuta daga bolt 1.2 zuwa 1.35. Zafin da za ta fitar zai ƙaru da kusan kashi 40. Ka ci ribar goma, ka biya arba'in. Wuta mai yawa tare da zafi kuwa suna cin siraran hanyoyin da ke cikin furosesa a hankali, yadda Binuwai ke cin gaɓa kowace damina. Ba rana ɗaya ake gani ba. Wata rana dai za ka tarar gudun da take ɗauka bara, bana ta ƙi.

Ga abin da nake tuna wa masu ɗora komai a kan obaklokin: a shekarar 2024 Intel ta amsa cewa wasu furosesocinta na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda wuta mai yawa da suke nema wa kansu, har a hannun mutanen da ba su taɓa canza komai ba. Sai da ta fitar da gyara ta hanyar BIOS, ta ƙara wa'adin garanti da shekara biyu. Ka ga mai laifin ɗaya ne, ko mutum ne ya ɗaga wutar ko na'ura ce ta ɗaga wa kanta.

In har tana iya wannan gudun, me ya hana kamfanin sakar mata shi tun farko?

Tambaya mai kyau, kuma ita ce zuciyar maganar. Furosesoci da yawa ake yankowa daga faifan silikon ɗaya, amma ba sa fitowa daidai. Kaza ɗaya ce ta ƙyanƙyashe, amma wani ɗan tsakon ya fi wani kuzari. Kamfani yana gwada su, ya ware, ya rubuta wa kowace gudun da ya tabbata za ta jure shekaru ko a hannun wanda ba ya share ƙura, ko a ɗaki mai zafi. Saboda haka akwai ɗan rara da aka bari. Wani lokaci kuma kasuwa ce kawai: ana bukatar mai araha da yawa, sai a rubuta wa mai ƙarfi ƙaramar lamba a sayar.

Shahararren misali shi ne Celeron 300A na 1998. An sayar da ita a 300 MHz, mutane suka gano in an ɗaga tushen bugunta daga 66 zuwa 100, tana tafiya a 450 lafiya lau. Ƙarin rabi cur, a kyauta, har tana gogayya da Pentium II mai tsada. Wannan shi ya haifar da son abin.

Yanzu wannan garaɓasar ta ragu sosai. Tun 2008 Intel ta shigo da Turbo Boost, AMD ma tana da nata Precision Boost: furosesa na duba zafinta da wutarta, in da sarari ta ƙara wa kanta gudu. Wato mai zagin obaklokin, kwamfutar da ke gabansa tana yin irinsa kullum, da izinin kamfani. Rarar da mutane ke tsinta da, kamfanonin sun riga sun kwashe mafi yawanta.

Ba ha'inci ba ne? Kamar ka biya kuɗin ƙarama ka ci moriyar babba?

Wani Alhaji ne ya yi mini wannan tambayar, yana tsaye ɗansa na sunkuye. Na ce masa, Alhaji, ni ba malami ba ne, amma kayanka ne da ka saya, kuma masu ƙerawar da kansu suke sayar da irin da aka buɗe domin haka. Intel tana sa musu harafin K a ƙarshen lamba, AMD ta bar kusan duk Ryzen na tebur a buɗe tun 2017, kuma kowannensu yana ba da manhajar yin aikin kyauta, XTU da Ryzen Master.

Amma baƙin jinin abin bai faɗo daga sama ba. A shekarun 1990 akwai 'yan damfara da ke goge rubutun kan furosesa su buga lamba mafi girma, su ɗaga mata gudu, su sayar a kuɗin babba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Intel ta fara kulle lambar ninkawa wajen 1998. Algus ke nan tsantsa, daidai da zuba ruwa a madara. Haka kuma wanda ya shekara uku yana gasa furosesa da wuta mai yawa, ya zo sayarwa ya yi gum da bakinsa, ya ɓoye aibin haja.

Garanti fa?

A rubuce, Intel da AMD duk sun ce lalacewar da ta biyo bayan wuce ƙa'ida ba ta cikin garanti. Intel ta taɓa sayar da wata inshora ta musamman domin masu yin haka, ta daina a 2021. Ko kunna saitin XMP a BIOS domin ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ya yi gudun da aka rubuta a kwalinsa, a ƙa'idarsu obaklokin ne, ga shi kusan duk mai haɗa kwamfutar wasa yana kunnawa. Mu dai a nan, da kayanmu yawanci na hannu ne da suka biyo ta Duwala ko ta iyakar Najeriya, garantin bai wuce 'yan kwanakin da mai shago ya yi maka alkawari ba.

To tawa za ta yiwu?

Da wuya. Kwamfutocin ofis da suka cika kasuwanninmu, irin su Dell OptiPlex, HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, BIOS ɗinsu a kulle yake, babu ma inda za ka canza lambar. A wajen Intel sai furosesa mai K ta haɗu da babban allo, wanda muke ce wa kat-mer, mai lambar da ta fara da Z. Kwamfutar cinya kuwa, in ba 'yan ƙalilan na wasa masu tsada ba, a rufe suke, kuma gara haka.

Shi ya sa nake murmushi in an kawo mini irin waɗannan an ce obaklokin ya kashe su. An ɗora wa yaro laifin buɗe ƙofar da ba ta da ko mariƙi.

Zafin garin nan bai canza lissafin ba?

Ya canza ƙwarai, kuma nan ne nake rabuwa da samarin da ke kallon bidiyon Turawa su zo su kwaikwayi lambobinsu. Mai bidiyon yana ɗaki mai digiri 20 ko 22. Kai kana Garwa ko Marwa ko Injamena a watan Afrilu, ƙarƙashin kwano, zafi ya haura 40. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗakin take ɗiba ta hura wa ƙarfe. Duk digirin da ɗaki ya ƙaru, furosesa ma ta ƙaru da kusan hakan. Wadda ke 75 a Faransa, a nan 95 take, kafin ka taɓa komai. 'Yan Ngaundere da ke kan tudu suna da ɗan sauƙi, amma ba su tsira daga ƙura ba.

Bazarar da ta wuce wani mai gidan wasa ya kawo mini na'ura a bayan babur, ransa a ɓace. Da yara sun fara wasan ƙwallo a kanta sai ta ɗauke, kuma ya rantse ƙaninsa ne ya yi mata obaklokin. Na kwance murfin. Tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen sanyaya, ƙurar hunturu ta daddale ta zama kamar bargo. Na sa tsinke na ɗago ta gaba ɗaya, faifai guda, har da zanen haƙoran a jikinta. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe kamar ƙanzo, yana ɓarewa da farce. Na shiga BIOS, komai yana yadda ya fito daga kamfani. Muka hure, muka sa sabon mai, na bar ta tana aiki mai nauyi har la'asar ba ta ko yi tari ba. Ya ce to ƙanin nasa fa? Na ce, maigida, ka saya masa tsire.

Sai wuta. Ɗaukewa da dawowa da ƙarfi, ko janareto mai hawa da sauka, sun fi kowane obaklokin kashe akwatin wuta da kat-mer a wannan yanki. Mai kuɗin sayen babbar fanka amma ba shi da regilata mai daidaita wuta ko ondular mai riƙe na'ura in an ɗauke wuta, ya fara gini daga rufi.

Na ga an ce an kai 9 GHz. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. A Disambar 2022 wata tawagar ASUS ta haura 9 GHz da Core i9-13900K, tana zuba mata ruwan heliyom, wanda ya fi ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifili sanyi. Na ɗan lokaci ne, don a kafa tarihi. Sukuwar sallah ce, ba dokin zuwa gona ba.

Kwamfutata tana da nauyi. Obaklokin zai gyara ta?

A'a, a mafi yawan lokuta. In tana daɗewa kafin ta tashi, ko Word na jan ƙafa, matsalar tsohon faifan ajiya ne mai juyawa ko ƙarancin ram. Sa mata SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa, ka kai ram 8 GB, za ka ga bambancin da ƙarin kashi 10 na gudu ba zai taɓa ba ka ba. Manhajojin waya masu alkawarin ninka gudu da dannawa ɗaya kuwa, talla suke nuna maka kawai.

In na nace sai na gwada, ta ina zan fara?

Fara da sharewa da sabon mai. Sa manhajar HWiNFO ka ga zafinta tana aiki mai nauyi, da rana tsaka, ba da asuba ba. In ta riga ta wuce digiri 80, ka haƙura. In da sarari, ƙara lambar ninkawa ɗaya-ɗaya, kowane mataki ka gwada da manhajar gwaji irin Cinebench ko Prime95, kuma kada ka bar ƙarfin wuta a hannun "Auto" ba tare da kana kallonsa ba, don wasu allunan suna da hannu sake wajen zuba bolt. Kwafe takardunka masu muhimmanci tukuna, saboda na'urar da ke daskarewa tana iya ɓata fayil. In ta ƙi tashi, cire wayar wuta, zare ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka jira 'yan mintuna ka mayar. Komai zai koma yadda yake. Kwamfutar da kake cin abinci da ita, ta buga takardu ko ta lissafin shago, kada ka yi gwaji a kanta.

Ni kaina, wannan ilimin na fi amfani da shi ta baya. Maimakon in ƙara wuta, ragewa nake yi kaɗan-kaɗan, in bar gudun yadda yake. AMD tana da Curve Optimizer domin haka, wasu na Intel ma suna yarda ta XTU. Furosesa ta yi sanyi, fanka ta rage kuka, kuma tun da zafi bai tilasta mata ja da baya ba, sau da yawa takan fi daɗewa a kan babban gudunta. Tawa ta shago haka take tun bazarar bara, kuma daga Maris zuwa faɗuwar ruwan farko murfin gefenta a cire yake, fankar tebur na hura mata.