Waiwaye: Katangar da ta riƙe ƙararrawar Balangiga

Duk lokacin da aka tayar da zancen mayar da kayan tarihin da aka kwashe a zamanin mulkin mallaka, irin kayan tagullar masarautar Benin da aka kwashe a 1897, sai ka ji an kawo misalin ƙararrawar Balangiga, kamar dare ɗaya Amurka ta farka ta mayar wa Filifin kayanta. Shekara 117 aka yi kafin a kai ga haka.

Farkon labarin sananne ne. Ranar 28 ga Satumba 1901 mutanen Balangiga, a tsibirin Samar na ƙasar Filifin, suka far wa sojojin Amurka da suka yi sansani a garinsu, sojoji 48 suka mutu. An ce ƙararrawar coci aka kaɗa a matsayin alamar fara kai hari. Ramuwar gayya ta biyo baya, aka ƙone garin, aka tafi da ƙararrawa uku. Biyu suka sauka a wani barikin soja a jihar Wayomin a 1904, ta ukun ta yi ta bin rundunarta har Koriya ta Kudu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shekaru da dama waɗancan biyun ba su dami kowa ba. Rundunar da ta kawo su ma da ta tashi daga barikin, a nan ta bar su. Sai a 1967 aka gina musu wata 'yar katanga ta jan bulo, aka kafe su a ciki, aka manna allon tagulla mai bayani. Ƙaramin aiki ne, kuma ina kyautata zaton da kyakkyawar niyya aka yi shi. Amma daga ranar sunansu ya canza. Jiya ganima ce da aka jingine a filin bariki, yau sun zama abin tunawa da sojojin da suka mutu. Ganima ana iya mayar da ita ba tare da zuciyar kowa ta sosu ba. Abin tunawa da mamaci kuwa, taɓa shi kamar tone kabari ne a idon dangi da tsofaffin abokan fama.

Shi ya sa da Filifin ta matsa lamba wajen 1998, lokacin bikin cika shekara 100 da ayyana 'yancinta, maganar ba ta je ko'ina ba. Dokar da aka yi daga baya, mai hana fitar da abubuwan tunawa da tsofaffin sojoji zuwa ƙasar waje, a kan wannan sabon suna ta tsaya. Sai da wa'adinta ya cika a 2017 ƙofa ta buɗe.

Ranar 11 ga Disamba 2018 jirgin soja ya sauke su ukun a Manila. Bayan kwana huɗu suka isa cocin San Lorenzo a Balangiga, jama'a na ta miƙa hannu su shafa ƙarfen.