Tantance mutum ta jijiyoyin tantanin ido

Tantance mutum ta jijiyoyin tantanin ido hanya ce ta tabbatar da ko wane ne mutum, ta duba tsarin ƙananan jijiyoyin jinin da ke can bayan ƙwayar idonsa. Tantanin, wanda likitoci ke kira ratina, shi ne ke karɓar haske ya miƙa wa jijiyar gani. Jijiyoyin jini sun yi masa rassa kamar saiwar bishiya, kuma rassan kowa daban suke. Hatta idon dama da na hagu na mutum ɗaya ba su zo ɗaya ba.

A 1935 ne wasu likitoci biyu a Amurka, Carleton Simon da Isadore Goldstein, suka wallafa bayanin cewa ana iya gane mutum ta wannan tsari. A shekarun 1950 Dokta Paul Tower ya bincika idanun tagwaye masu kama ɗaya, ya tarar su ma jijiyoyinsu sun sha bamban. Sai a 1976 Robert Hill ya kafa kamfanin EyeDentify, wanda ya fitar da na'urar kasuwa a farkon shekarun 1980.

Ga yadda ake yi. Mutum zai cire tabarau, ya kanga idonsa dab da bakin na'ura kamar mai leƙen ramin makulli, ya kafa ido kan wani ɗigon haske, ya tsaya cik na kusan daƙiƙa 10 zuwa 15. Na'urar za ta tura wani haske mara ƙarfi da ido ba ya gani, mai suna infrared, ta tsakiyar baƙin ido. Da yake jijiyoyin jini sun fi naman da ke kewaye da su shan wannan haske, abin da ya dawo wa na'urar yakan zo da ƙarfi a wani wuri, ya raunana a wani. Wannan hawa da sauka ake mayarwa lambobi a adana, don a gwada da su ranar da mutumin ya dawo.

Ƙarfin hanyar yana cikin ɓoyuwar tantanin. Mutum yakan bar zanen yatsa a jikin kofi ko marikin ƙofa, fuska kuma ana ɗaukar hotonta daga nesa, amma babu mai barin sawun jijiyoyin idonsa a ko'ina. Tantanin yana saurin lalacewa bayan mutuwa, don haka idon mamaci ba ya buɗe ƙofa. Shi ya sa aka fi amfani da ita a sansanonin soja da wuraren sirri masu tsananin tsaro.

Sai dai wannan ɓoyuwar ce ta hana ta yaɗuwa. Mutane da yawa ba sa son a haska musu cikin ido, ko da hasken ba ya cutarwa, ga na'urar da tsada. Cuta ma tana ɓata aikin: yanar ido tana tare hasken, ciwon suga da hawan jini kuma suna sauya jijiyoyin kansu. Akwai kuma damuwa mai tushe, cewa abin da ke nuna ko kai wane ne zai iya tona rashin lafiyar da ba ka faɗa wa kowa ba.

Ana yawan rikita ta da tantancewa ta baƙin ido, wadda masanin kwamfuta John Daugman ya samu lasisin ƙirƙirarta a 1994. Ita ta baƙin idon, hoton gaban ido ake ɗauka daga ɗan nesa, kuma ita ce Indiya ke amfani da ita a rajistar shaidar mazauna ƙasar mai suna Aadhaar.