Dandalin Delacorte: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gidan Wasan da Ba a Biyan Kuɗin Shiga

Mene ne Delacorte, kuma a ina yake?

Dandalin wasan kwaikwayo ne marar rufi da ke tsakiyar lambun Central Park a birnin New York na Amurka. Yana ɗaukar mutum kusan 1,800. Bayan fagen wasan akwai ɗan tafkin Turtle Pond, sama da shi kuma ginin dutse na Belvedere, don haka mai kallo yana ganin ’yan wasa, yana ganin ruwa da itatuwa. Duk lokacin zafi ana yin wasannin Shakespeare a nan, ba a karɓar ko sisi.

Wa ya fara wannan abu?

Joseph Papp, ɗan Yahudawa ’yan ci-rani, haifaffen Brooklyn a 1921. A gidan talakawa ya tashi, kuma ya yi imanin cewa wasan kwaikwayo hakkin kowa ne, kamar ɗakin karatun gwamnati da ake shiga ba tare da an tambayi aljihun mutum ba. A 1954 ya kafa ƙungiyarsa. A 1956 suka yi wasa kyauta a wani fili da ke bakin kogin East River. Shekarar da ta biyo suka ɗora fagen wasa a kan babbar mota suna zagaya unguwanni, har motar ta lalace a Central Park kusa da tafkin nan. Inda ta tsaya, nan suka ci gaba da wasa.

To ina rigimar ta shigo?

Nan ne labarin ya fi daɗi a wurina. A 1959 kwamishinan lambunan birnin, Robert Moses, ya ce dole Papp ya riƙa sayar da tikiti, domin taron masu kallo na tattake ciyawa, kuma sai an samu kuɗin gyara. Moses ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ya shimfiɗa manyan tituna da gadoji a New York, kuma ’yan siyasa da dama na shakkar ja da shi. Papp kuwa ba shi da mulki, ba shi da dukiya.

Amma ya ƙi. Ya san ranar da aka sa kuɗi, komai ƙanƙantarsa, ranar za a rasa ɗalibi da lebura da mai ’ya’ya da yawa, waɗanda dominsu aka fara abin. Ya kai ƙara. Kotun farko ba ta ba shi gaskiya ba, ya ɗaukaka ƙara, ya ci. Abin da ya biyo baya ya ba mutane mamaki: Moses ɗin da aka kayar shi ya nemi birni ya ware kuɗin gina wa wasan mazauni na dindindin.

Me ya sa ba a sa masa sunan Papp ba?

Birni ya ba da dala 250,000, ba ta isa ba. George Delacorte, mai kamfanin buga littattafai na Dell, ya cike giɓin da dala 150,000, aka sa sunansa. An buɗe dandalin a watan Yuni 1962 da wasan The Merchant of Venice, George C. Scott da James Earl Jones na cikin ’yan wasan.

Ta yaya ake samun tikiti idan kyauta ne?

Da haƙuri. Mutane kan fito tun asuba su shimfiɗa bargo su hau layi, a raba da tsakar rana, biyu ga kowane mutum. Yanzu an ƙara ƙuri’a ta intanet da rabawa a wasu unguwanni. Kuɗin gudanarwa daga masu ba da tallafi yake fitowa, ana kuma ware musu wasu kujeru. Wasu na sukar hakan, suna kuma cewa mai aikin yini ba shi da sa’o’in da zai ɓata a layi. Ina ganin sukar na da tushe, kuma ita ce ta sa ƙuri’ar ke da amfani.

Manyan ’yan wasa na zuwa wurin da ba a sayar da tikiti?

Suna zuwa. Meryl Streep ta yi wasa a nan. Denzel Washington da Morgan Freeman sun hau fagen a 1990, Al Pacino a 2010. Ruwan sama kan tsayar da wasa, jirage na wucewa da ƙara, dabbobin lambun kan ratsa fage, duk da haka suna dawowa.

Yana nan har yanzu?

Yana nan. Papp ya rasu a 1991, ƙungiyarsa, Public Theater, ta ci gaba da riƙe wurin. Bayan fiye da shekara 60 ruwa da ƙanƙara na dukan ginin, an rufe shi bayan wasannin 2023 don babban gyara, ciki har da sauƙaƙa wa masu keken guragu shiga. An sake buɗe shi a watan Agusta 2025 da wasan Twelfth Night, Lupita Nyong’o na cikin jaruman, kuma tikitin daren nan ma kyauta aka raba shi.