Tsarin Raba Daidai a Aikin Gwamnatin Najeriya

Tsarin raba daidai ƙa'ida ce da kundin tsarin mulkin Najeriya ya shimfiɗa domin kada 'yan wata jiha ko wata ƙabila su mamaye muƙamai da guraben aikin gwamnati. Ya fara shiga kundi a 1979, bayan Janar Murtala Muhammad ya ambace shi a jawabinsa ga kwamitin tsara kundin a 1975. A kundin 1999 yana sashe na 14(3), kuma sashe na 147(3) ya wajabta wa shugaban ƙasa naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha.

Tushen abin shi ne tazarar ilimin boko tsakanin Arewa da Kudu tun zamanin Turawa, wadda ta sa 'yan Kudu suka fi yawa a ofisoshi lokacin samun 'yanci a 1960.

Gwamnatin Janar Sani Abacha ce ta kafa Hukumar Raba Daidai ta Tarayya da doka mai lamba 34 ta 1996. Tana da shugaba da kwamishina ɗaya daga kowace jiha da Abuja. Bisa ƙa'idarta, rabon kowace jiha a ma'aikatar tarayya kada ya gaza kashi 2.5 cikin ɗari, kada kuma ya wuce kashi 3.

Inda gizo ke saƙa shi ne tantance ɗan jiha. Ba a duba inda aka haifi mutum. Takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma ake nema. Wanda aka haifa a Sabon Garin Kano, ya yi karatu a can, yana iya rasa gurbin Kano don kakansa daga wata jiha ya zo, a can ɗin ma ba wanda ya san shi. Matan da suka yi aure a wata jiha su ma sukan tsinci kansu a tsakiya.

Masu suka na cewa tsarin yana danne cancanta. Magoya baya na cewa in ba shi, wasu jihohin ko ƙofar ofis ba za su leƙa ba. Tsarin bai shafi kamfanoni masu zaman kansu ba, bai kuma ware wa mata kaso ba. Masu buƙata ta musamman dai dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta tanadar musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a hukumomin gwamnati.