Rediyeshon da juriyar sanyi a jikin ɓerayen gwaji

Duk shekara, da zarar hunturu ya sauka a Ngaundare, ɗalibai sukan zo mini da waɗannan tambayoyin, shi ya sa na rubuta amsarsu sau ɗaya.

Shin rediyeshon, wato haske mai ratsa jiki irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti, yana rage wa ɓera juriyar sanyi?

Yana ragewa idan ya yi yawa. Yakan lalata ɓargo da fatar cikin hanji, dabbar ta daina ci, ta rame, ta rasa abin da za ta ƙona ta ɗumama jikinta.

An yi mini hoton ƙirji a Garwa, ko shi ya sa nake jin ɗari?

A'a. Kimanin Gray 7 (Gray ma'auni ne na yawan rediyeshon da jiki ya sha) ne ke kashe rabin ɓeraye cikin kwana 30, hoton ƙirji kuwa bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na wannan ba. Ka kwantar da hankalinka, ka nemi bargo.

A wane zafi ya kamata a ajiye ɓerayen da aka haska da rediyeshon?

Amsar ta danganta da abin da kuke son aunawa. Yawancin ɗakunan gwaji suna tsakanin digiri 20 da 26, alhali ɓera ba ya daina kashe ƙarfi wajen ɗumama kansa sai zafi ya kusanci digiri 30, wato tun kafin a haska shi yana fama da sanyi. Lafiyayye yakan cike giɓin da yawan ci da kitsen nan mai ruwan ƙasa da ke tsakanin kafaɗunsa; wanda aka haska kuwa za ku same shi da asuba a takure a lungun keji, gashi a tsaitsaye. Idan burinku ya rayu, ku ƙara ɗumi, ku sa masa auduga ya yi sheƙa, kada ku bar shi shi kaɗai. Idan kuma sanyin kuke nazari, dole ku kwantar da ɓerayen da ba a haska ba a ɗaki ɗaya da waɗanda aka haska. Akwai kuma wani ruɗani, wato sanyin kansa kan iya sauya yadda illar rediyeshon ke bayyana: kuregen ƙasashen sanyi da aka haska yana cikin dogon barcin hunturu, illar kan jinkirta bayyana a jikinsa. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a kawo mini sakamako babu zafin ɗakin na dare, an auna da rana tsaka kawai an tafi gida.

Me ya haɗa sinadarin aidin da wannan batu?

Aidin 131, wani nau'in aidin mai fitar da rediyeshon, irin wanda ya bazu a haɗarin tashar nukiliya ta Carnobil a 1986, yakan taru a ƙullutun wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Ƙullutun ne ke daidaita samar da ɗumi, idan ya lalace ɓera ba ya jure sanyi.