Shin abu mai nauyi ya fi saurin faɗuwa?

An daɗe ana cewa abu mai nauyi yana riga marar nauyi isa ƙasa. Mai faɗin haka yana da hujja, domin kowa ya ga dutse ya riga ganye. Sai dai iska ce ke tare ganyen. In babu ita, gudun duk abin da ke faɗuwa yana ƙaruwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa, kowace daƙiƙa. A 1971 an saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka dira tare.

Ku gwada da kanku: ku dunƙule takarda tamau, ku sake ta tare da dutse daga tsayin kafaɗa. Abin da ya gagari masana har yau shi ne daidaita jan ƙasa, wato ƙarfin da ke janyo abubuwa su faɗo, da dokokin ƙwayar zarra. Don Allah ku tura wa 'yan'uwa.