Ɓoye Suna da Cin Mutunci a Intanet

Ɓoye suna a intanet shi ne mutum ya yi magana a kafar sada zumunta da sunan aro ko asusun bogi, yadda ba za a gane shi ba. An daɗe ana ɗora masa laifin zage-zagen da suka cika Facebook da X da TikTok, bisa hujjar cewa wanda ba a sani ba ba ya jin kunyar kowa.

Hujjar tana da tushe. A majalisar matasa ta Gangare ko Unguwar Rogo a Jos, mai magana ya san an san gidansu, kuma akwai babba a kusa da zai ce masa "kai, ya isa". A waya babu wannan babban. A 2004 masanin halayyar ɗan'adam John Suler na Amurka ya lissafa abubuwa 6 da ke sakin bakin mutum a intanet, ciki har da ɓoye suna, rashin ganin juna, da damar jefa magana a tafi ba a jira amsa ba.

Sai dai binciken da ya biyo baya ya rage wa ɓoye suna nauyi. Gwajin da masana Lapidot-Lefler da Barak suka wallafa a 2012 ya nuna cewa rashin haɗa ido ya fi ɓoye suna jawo baƙar magana. A 2016 masana daga Jami'ar Zurich sun duba sharhi sama da 500,000 a wani shafin koke-koke na Jamus, suka tarar masu sa sunansu na gaskiya sun fi zafin harshe, domin suna ganin gaskiya suke karewa, suna kuma son a san su ne. Bor da Petersen na Jami'ar Aarhus sun gano cewa mai faɗa a intanet galibi mai faɗa ne a fili. Intanet dai ta tara masa 'yan kallo. Duk wanda ya san sojojin baka na 'yan siyasa ba zai yi mamaki ba, don da suna da hoto suke aikinsu.

Gwamnatoci ma sun sa hannu a lamarin. Koriya ta Kudu ta tilasta amfani da sunan gaskiya a manyan shafuka a 2007, kotun tsarin mulkinta ta soke dokar a 2012. A Najeriya akwai sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda ya shafi cin zarafi ta intanet, aka kuma gyara shi a 2024 bayan koke-koken cewa ana kama 'yan jarida da shi, sannan tun Disamba 2020 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ke haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN.

Abin ya fi ciwo a Filato. Binciken BBC na 2018 ya nuna yadda hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook suka ƙara rura rikicin watan Yunin shekarar. Amma a irin wannan wuri, sunan aro ne kan kare mai fallasa almundahana da macen da ke neman shawara kan dukan miji.